Ido garau amma gani ya ƙi: aikin hoto wajen gano cututtukan retina na gado a yara

Akwai wasu yara da lamarinsu ke ɗaure wa iyaye da malamai kai, har da likitoci. Ido garau, ba hakiya, ba yana, ba kwantsa, amma gani ya ƙi. Wani da an yi magariba sai ya koma laluben bango, dundumi ya kama shi. Wani kuma rana ce ba ya shiri da ita, yana fitowa tsakar gida zai runtse ido, sai la'asar sakaliya yake sakewa. Wata tana aji uku ta daina ganin allo, an gwada mata tabarau iri-iri ba wanda ya yi. Akwai wanda tun yana goye uwar ta lura idonsa na rawa, ba ya bin fuskarta, kullum yatsansa na kan ido yana dannawa. A kai su asibiti, a haska, a leƙa, a ce ba a ga komai ba. Daga nan sai zargi ya biyo baya: raki ne, ƙiwuya ce, makarantar ce ba ta so. In abin ya yi tsawo a koma cewa iska ce.

Cikin irin waɗannan yara akwai waɗanda matsalarsu ke can ƙuryar ido, a retina. Retina wani siririn tantani ne da ya lulluɓe bangon ido ta ciki, kaurinsa bai wuce rabin milimita ba, kuma a nan ne haske ke rikiɗewa ya zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin da ke wannan aiki iri biyu ne. Akwai na ganin dare, wajen miliyan 100 a kowane ido, sun fi yawa a gefe-gefe. Akwai na ganin rana da launi, miliyan 5 zuwa 6, sun fi cunkushewa a wani ɗan fili na tsakiya da ake kira makula, wanda da shi ake karatu, da shi ake gane fuska. A ƙarƙashinsu akwai shimfiɗar wasu ƙwayoyin masu duhun launi da ke ciyar da su, su kwashe musu shara, su sabunta musu sinadarin bitamin A da suke kama haske da shi. Duk inda kuskuren ƙwayar gado, wato umarnin gina jiki da yaro ke gada daga iyayensa, ya faɗa cikin wannan tsari, gani zai taɓu. An gano ƙwayoyin gado fiye da 250 da ke iya jawo hakan. Wadda ta fi yaɗuwa cikin cututtukan, retinaitis pigmentoza, mai farawa da dundumi, ana ƙiyasta tana kama mutum 1 cikin 4,000, cutar Stargardt mai cin makula kuma 1 cikin 8,000 zuwa 10,000.

Iyaye dai tambaya biyu suke zuwa da ita: "Likita, makancewa zai yi gaba ɗaya?" da "Akwai magani?" Amsar kowacce ta rataya ne a kan abu biyu, wato wace ƙwayar gado ce ta lalace, da kuma ƙwayoyin gani nawa suka rage da rai. Gwajin DNA, wato gwajin gado, yana iya faɗin wace ƙwayar ce. Yawan waɗanda suka rage kuwa hoto ne kaɗai ke nuna shi, shi ya sa nake ganin masu cewa gwajin gado ya kusa kawar da buƙatar hoto ba su yi wa lamarin kallon tsanaki ba.

Kafin 1851 ba mai iya leƙa bayan idon mai rai yadda ya kamata. A shekarar ne Bajamushe Hermann von Helmholtz ya fito da madubin leƙa ido, kakan ɗan abin nan mai fitila da likita ke kara maka a fuska. Cututtukan da muke magana a kansu da yawa sun samo suna daga likitocin wancan zamani: Theodor Leber ya bayyana makantar jarirai ta gado a 1869, Karl Stargardt ya bayyana tasa a 1909. Sun raɗa sunayen ne bisa abin da idonsu ya gani. Sai a 1990 aka gano ƙwayar gado ta farko da ke haddasa retinaitis pigmentoza, ta Stargardt mai suna ABCA4 kuma a 1997. Da ilimin ya faɗaɗa sai aka tarar suna ɗaya na iya rufe cututtuka masu yawa. Abin da ake kira cutar Leber kaɗai ƙwayoyin gado fiye da ashirin ke jawo shi, kuma kowacce da yadda take tafiya.

Hoton launi shi ne mafi tsufa, kuma a kan ƙananan yara shi ne mafi rauni. A babba mai retinaitis pigmentoza yana nuna baƙin ɗigo-ɗigo a gefen retina, jijiyoyin jini sun tsuke, kan jijiyar gani ya koɗe. Amma waɗannan alamu na cutar da ta daɗe ne. A yaro ɗan shekara huɗu sau da yawa babu ko ɗaya, kuma a nan ake samun "ba a ga komai ba". Ga shi kyamarar da aka saba da ita digiri 30 zuwa 50 kawai take ɗauka, tsakiya ke nan, alhali cutar ƙwayoyin dare daga gefe take farowa. Wani injiniya ɗan Sikotilan, Douglas Anderson, ya kafa kamfanin Optos a 1992 bayan ɗansa ɗan shekara biyar ya rasa ganin ido ɗaya saboda ɓallewar retina da ba a gano da wuri ba. Na'urar da suka ƙera tana ɗaukar digiri 200, wajen kashi 80 cikin 100 na retina, cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Ga yaron da ba ya zama wuri ɗaya, saurin ya fi faɗin amfani. Jarirai kuma akwai wata kyamara mai suna RetCam, wadda ake ɗora bakinta a kan idon bayan an ɗiga maganin kashe zafi.

Hoto na biyu ya fi ban sha'awa. Waɗancan ƙwayoyin masu kwashe shara, a kullum suna haɗiye tsofaffin kawunan ƙwayoyin gani, kuma abin da ya gagari narkewa yana taruwa a cikinsu. Sunansa lipofusin, kuma yana da wata ɗabi'a: in aka haska shi da shuɗin haske sai ya mayar da wani ƙyalli nasa na kansa. A 1995 François Delori a Bostan, da wasu masu bincike a Landan, suka nuna ana iya auna wannan ƙyalli a idon mai rai a kuma ɗauki hotonsa, ba allura, ba rini. Karatun hoton a dunƙule shi ne: inda ƙyalli ya yi yawa, ƙwayoyin suna cikin wahala, shara ta yi musu yawa. Inda ya yi baƙi ƙirin, sun mutu.

A cutar Stargardt ƙwayar ABCA4 ce ke kasa fitar da ragowar bitamin A daga ƙwayoyin gani, sai shara ta taru fiye da ƙima. Hoton ƙyalli kan nuna ɗigo-ɗigo masu haske da duhu a tsakiya, ya kuma bar kewayen jijiyar gani lafiya lau, alamar da ƙwararru ke dogara da ita sosai. Yakan nuna haka a lokacin da hoton launi bai nuna abin kirki ba. Yarinyar da ake cewa ƙarya take yi, wani lokacin wannan hoton ne ke wanke ta. A retinaitis pigmentoza kuma akan ga wani zobe mai haske ya kewaye makula. Cikin zoben ƙwayoyin gani na nan, wajensa sun lalace. Zoben na tsukewa shekara bayan shekara, kuma gwargwadon tsukewarsa gwargwadon saurin cutar. Akwai kuma inda rashin ƙyallin ne labarin. Yaron da ƙwayar RPE65 ta lalace masa ba ya iya sabunta bitamin A, don haka sharar ma ba ta samuwa. Retina tana nan da ranta amma hoton ya fito dishi-dishi ko'ina. Likitan da ya san wannan, in ya haɗa shi da dundumi mai tsanani tun ƙuruciya da yaro mai son kallon fitila, ya san inda zai nufa da gwajin gado. Za mu ga dalilin da ya sa wannan ƙwayar ta fi sauran muhimmanci.

Sai babban, OCT, hoton da ke nuna zurfin retina. An fara bayyana shi a mujallar Science a 1991, daga ɗakin binciken James Fujimoto a jami'ar MIT ta Amurka, tare da David Huang da Eric Swanson. Su ukun sun karɓi lambar yabo ta Lasker a 2023 saboda shi. Ƙa'idar aikinsa ɗaya ce da ta sikanin da ake yi wa masu juna biyu, sai dai maimakon sauti, haske marar cutarwa yake aikawa ya auna abin da ya dawo daga kowane zurfi. Sauran hotuna daga sama suke kallon retina. Shi kuwa yana nuna ta ne yadda mai haƙa rijiya ke ganin ƙasa, hawa-hawa: ga jar ƙasa, ga marmara, ga yashi, kowanne da kaurinsa. Yana rarrabe abin da bai wuce maikiron biyar ba, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita.

Cikin waɗannan hawa-hawa akwai wani farin layi siriri da ke kusa da ƙasa. Yana fitowa ne daga sashen ƙwayoyin gani da ke cike da injinan samar da kuzari. In layin na nan a miƙe, ƙwayoyin na nan. In ya yanke, sun tafi. A retinaitis pigmentoza ana auna faɗin abin da ya rage na wannan layi, kuma gefensa kan zo daidai da zoben nan na hoton ƙyalli, hoto biyu daban suna ba da shaida ɗaya. A Stargardt ta yara, tun kafin layin ya yanke, akan ga wani layin da ke samansa ya yi kauri a tsakiyar makula. A wata cutar da ke kama 'ya'ya maza, wadda ƙwayar RS1 ke jawowa, retina ce ke tsagewa ta ciki, OCT ya nuna ramuka jere a tsakaninta. Yaro ne da za a yi shekaru ana cewa raggon ido gare shi ana rufe masa ɗaya da bandeji, alhali hoton minti biyu ya isa ya warware zancen.

Inda OCT ya fi nuna gwanintarsa shi ne cikin cutar Leber. A ɗauki jarirai huɗu, dukansu idonsu na rawa, dukansu ba sa bin haske sosai. Wanda ƙwayar CRB1 ta taɓa, retinarsa ta yi kauri fiye da ƙima, hawa-hawan sun cakuɗe. Mai RDH12, makula ce ke zaizayewa tun da wuri. Mai CEP290, gefe ya lalace amma akwai ɗan tsibirin ƙwayoyin rana da ya tsira a tsakiya, ko da yaron ba ya ganin komai da shi. Mai GUCY2D kuwa sai a ga retina kusan lafiya lau a hoto, gani kuma babu. Biyun ƙarshen nan su ne suka sa masu bincike zumuɗi, domin sun nuna makanta iri biyu ce. Akwai wadda ƙwayoyin suka mutu, akwai wadda suke raye amma ba sa aiki. Ta farko ba abin da maganin sa lafiyayyar ƙwayar gado a ido zai iya yi mata, don ba ya tayar da matacce. Ta biyu ita ce ake da fata a kanta.

Yanzu mu koma kan RPE65. A 2001 aka ba da rahoton cewa an dawo wa wasu karnuka masu wannan lahani da gani ta hanyar sa musu lafiyayyar ƙwayar gado a ƙarƙashin retina. A 2008 ƙungiyoyin bincike a Landan da Filadalfiya da Fulorida suka fitar da sakamakon gwaji a kan mutane. A Disamban 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin mai suna Luxturna, aikin da Jean Bennett da Albert Maguire da Katherine High suka jagoranta, Tarayyar Turai ta biyo baya a 2018. Kuɗinsa lokacin fitowarsa dala 850,000 na ido biyu. Sharaɗin ba da shi biyu ne: gwajin gado ya tabbatar da lahanin daga uwa da uba, sannan likita ya tabbatar akwai isassun ƙwayoyi masu rai. A gwajin da aka yi kafin amincewa, ɗaya daga cikin ma'aunan shi ne OCT ya nuna kaurin retina ya haura maikiron 100 a yankin tsakiya. Bayan an fara amfani da maganin a asibitoci, hoto ne kuma ya tona cewa wasu daga cikin waɗanda aka yi wa suna samun zaizayewar retina a wasu wurare, abin da har yanzu ake bibiya. A 2025 likitocin asibitin Moorfields da jami'ar UCL (University College London) a Landan suka wallafa a mujallar Lancet sakamakon yara huɗu 'yan shekara ɗaya zuwa uku masu lahanin ƙwayar AIPL1, ɗaya daga cikin mafi tsananin nau'o'in cutar Leber. An yi wa kowannensu magani a ido ɗaya, ganin idon ya ƙaru, ɗayan da ba a taɓa ba ya ci gaba da lalacewa. An zaɓe su ne saboda OCT ya nuna akwai sauran ƙwayoyi a tsakiyar makula. A wannan cuta abin da ya rage ɗin yakan tafi cikin 'yan shekarun farko na rayuwa, don haka jinkirin hoto na iya zama rasa damar gaba ɗaya.

To amma faɗar "a ɗauki hoto" ta fi yinsa sauƙi. Na'urorin nan an ƙera su ne don babba mai ɗora haɓa a kan marikin, ya kafe ido a kan ɗigon haske, ya daina ƙiftawa. Yaro galibi sai ya kai shekara uku zuwa biyar yake iya wannan. Wanda muke nema ɗin ma shi ne mafi wuya: idonsa na rawa, ba ya ganin ɗigon da ake cewa ya kalla, wani kuma haske azaba ne a gare shi, shuɗin hasken hoton ƙyalli kuwa mai kashe ido ne. An samu sauƙi da OCT na hannu, wanda ake kai wa yaro yana kwance a cinyar uwarsa. Cynthia Toth a jami'ar Duke ta Amurka da Irene Gottlob a Lesta ta Ingila suna cikin waɗanda suka nuna ana iya ɗaukar jarirai da shi ba tare da an sa su barci ba. A Lesta ne aka fitar da ma'aunin 2011 na rashin cikar gurbin tsakiyar makula, wanda ake amfani da shi ga zabiya da masu makantar launi ta gado, har yana taimakawa wajen hasashen iya ganin da yaro zai samu in ya girma. In duk dabara ta ƙare sai a koma ga maganin barci, wanda shi ma yana da nasa haɗarin da kuɗin.

Ko an samu hoton, karanta shi wani aiki ne. Idon jariri tsawonsa wajen milimita 17 ne, na babba 23 zuwa 24, don haka awon na'ura na buƙatar gyara. Tsakiyar makula ba ta gama ginuwa lokacin haihuwa, tana ɗaukar shekaru, abin da zai zama cuta a ɗan shekara goma yana iya zama daidai a ɗan wata uku. Ga wani tarkon da na fi jin tsoro. Takardar da OCT ke fitarwa tana zuwa da launuka, kore lafiya, ja matsala. Launukan nan kwatanci ne da awon wasu mutane da kamfani ya adana a cikin na'urar, kuma yawanci manya ne 'yan shekara 18 zuwa sama. Bincike ya kuma nuna tsakiyar retinar baƙar fata ta ɗan fi ta Turawa siranta a matsakaici. Ja a takardar yaro Bahaushe ba hukunci ba ne, kore ma ba wankewa ba ce. Dole mai karatu ya bar launi ya dubi hawa-hawan da idonsa.

Akwai kuma inda hoto ke yin shiru ɗungurungum. Shi ya sa ba a raba shi da gwajin ERG, wanda ba hoto ba ne, awon lantarkin da retina ke fitarwa ne in an walƙa mata haske. A ƙa'ida akan zaunar da mutum cikin duhu minti 20 a auna ƙwayoyin dare, sannan a kunna haske a auna na rana. Yanzu akwai na hannu mai manne a fatar ƙasan ido, ya fi sauƙi ga yara. Akwai wani dundumi na gado da ake haihuwar yaro da shi kuma ba ya ƙaruwa. Hotunansa kusan lafiya suke fitowa, ERG ne ke kama shi. Bambanta shi da retinaitis pigmentoza shi ne bambancin ce wa uba "haka zai zauna, ba zai makance ba" da ce masa "a fara shiri". Makantar launi ta gado ma, mai sa yaro gudun rana, galibi ba ta ƙaruwa sosai, alhali akwai mai kama da ita da ke ci gaba da cin ido.

Wani abin da ya kamata a riƙe: ba duk retinar da ta yi kama da ta gado ce ta gado ba, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. Ƙarancin bitamin A na kawo dundumi, kuma yana warkewa in an ba da maganin, don haka shi ake fara kawarwa a yaron da ke fama da tamowa ko ya tashi daga ƙyanda. Rubela ko tunjere da uwa ta ɗauka lokacin goyon ciki suna barin ɗigo-ɗigo a retinar jariri. Shan kulorokwin na tsawon lokaci na lalata makula da siffar da ke kama da ta wasu cututtukan gado. A ɗaya gefen kuma, mai Stargardt ana hana shi ƙarin bitamin A mai yawa, don shi ne ke zama sharar da ke kashe masa ido. Abinci na yau da kullum ba laifi, amma kwalaben ƙarin da ake saya a kemis don "ƙarfin ido" sai da shawarar likita. Haka nan ruwan da kan taru a makular mai retinaitis pigmentoza, wanda OCT ke nunawa, ana rage shi da wasu magunguna irin su asetazolamaid, amma wannan maganin yana da haɗari ga mai sikila. A ƙasar da sikila ta yi yawa kamar Najeriya, tambayar jinotayif kafin rubuta shi wajibi ce.

Wani lokacin ma ido ƙofa ce kawai. Yaron da aka haifa kurma sannan dundumi ya zo masa daga baya, a yi tunanin cutar Usher. Mai yatsa shida da ƙiba da matsalar gani, a duba ƙodarsa, don cutar Bardet-Biedl tana taɓa ta. Mafi nauyi ita ce nau'in cutar Batten da ake kira CLN3: yaro lafiyayye ɗan shekara biyar zuwa takwas ganinsa ya zube cikin watanni, a ɗauka Stargardt ce, bayan 'yan shekaru farfaɗiya da mantuwa su biyo. Saurin lalacewar a OCT da siffar ERG ɗinta su ne ke ɗaga wa likita hankali, kuma ana iya ganin alamarta a fararen ƙwayoyin jini da madubin ɗakin gwaji na yau da kullum.

Mai karatu zai iya cewa: duk wannan na masu kuɗi ne, mu da ba mu da dala 850,000 me hoto zai ƙara mana? Ina ganin amfaninsa a wurinmu ya ma fi yawa. Gwajin gado, ko a inda ya wadata, wajen kashi biyu cikin uku na masu cutar yake gano wa dalili. Ga 'yan Afirka abin ya fi wuya, domin rumbunan bayanan da ake kwatanta sakamako da su sun fi cika da Turawa. Masu bincike a jami'ar Kef Tawun, waɗanda suka shafe shekaru suna bin iyalai masu waɗannan cututtuka a Afirka ta Kudu, sun tarar gwaje-gwajen da aka gina kan Turawa ba sa kama lahanin baƙaƙen fata yadda suke kama na farare. Sakamakon kan dawo da "an ga canji amma ba a san ma'anarsa ba". Abin da ke raba gardama a nan shi ne ko hoton ya dace da ƙwayar da ake zargi. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake koya wa hasashen ƙwayar gado daga hoto, irin Eye2Gene ta Moorfields da UCL, su ma iya abin da aka nuna musu suka sani, kuma idonmu bai yi yawa cikin abin da aka nuna musu ba.

Sannan OCT ba baƙo ba ne kamar da. Hawan jinin ido da ciwon suga sun sa manyan asibitocin ido a birane sun mallake shi, na'urar da ke duba dattijo kuwa za ta duba ɗan shekara shida in an yi haƙuri da shi. Abin da ake yawan sakaci da shi shi ne adanawa. Hoto ɗaya yana nuna inda ake, biyu ko uku a tsakanin shekaru su ne ke nuna saurin tafiya, kuma an fi samun kwatanci mai kyau in na'ura iri ɗaya ce. Iyaye su nemi kwafin hoton kansa a filashi ko a waya, ba takardar launuka kaɗai ba. Ranar da gwajin wani magani zai buɗe, abin da za a fara tambaya ke nan, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Saura batun dangi, wanda ya fi kowanne tsauri. Yawancin cututtukan da ke bayyana tun ƙuruciya sai yaro ya gaji lahanin daga uwa da uba duka, su kuma lafiyarsu ƙalau. Lissafin ɗaya ne da na AS da AS: kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. In mutum na ɗauke da wani lahani da ba a cika samu ba, yiwuwar 'yar baffansa ko 'yar kawunsa na ɗauke da irinsa ɗaya ce cikin takwas, shi ya sa ake ƙara ganin cututtukan a inda auren zumunci ya yi yawa. Wannan ba ya nufin duk auren zumunci zai haifar da makaho, mafi yawansu ba sa haifarwa, kuma bare da bare ma suna haifa. Gwajin jinotayif da ake yi kafin aure kuwa sikila kawai yake dubawa, ba ruwansa da retina. A nau'in da ke bin 'ya'ya maza ta wajen uwa, kamar na ƙwayar RPGR, hoton ƙyallin uwar kan nuna wasu zane-zane da ke tabbatar da hanyar gadon ba tare da an ɗebi jini ba. Bayani ne mai amfani, amma a gidan da ake neman wanda za a ɗora wa laifi yana iya zama makami. Likitan da zai faɗe shi ya san a gaban wa yake faɗa, ya kuma bayyana cewa ba wanda ya zaɓi abin da ya gada.

Sai ƙannen yaron, waɗanda ba su nuna komai ba tukuna. Hoto na iya nuna cutar shekaru kafin yaro ya ji ta, wato shi ma gwajin hasashe ne, ko da ba a kira shi haka ba. Inda akwai abin yi da wuri, kamar RPE65, ko cutar da ke taɓa ƙoda, ko ta tsagewar retina da ke sa a kiyaye yaro daga wasannin da ake bugun ido, a duba ƙannen ba jinkiri. Inda kuwa cutar ba ta da magani kuma sai an girma take bayyana, masana gado da yawa sun fi son a dakata har yaron ya yi hankalin da za a tambaye shi ko yana son sani, ni ma a nan nake, muddin ana gwada ganinsa lokaci-lokaci kuma an shirya ɗaukar hoton da zarar ya fara matsowa kusa da allo ko ya fara tuntuɓe da dare.